Almakashin da Bai Karye Ba

Gure, ranar Talata.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Zuwa ga ƴata ta fari, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kin tashi lafiya, ke da maigidanki, kuna ta fama da ɗaurin kaya. Allah Ya sa tafiyar nan taku ta Arlit ta zama ta alheri, Ya kai ku lafiya, Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin abin da ba ku sani ba.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni, alhali tsakanin gidanmu da naki in an ɗauko tuwo ba ya hucewa a hanya. To, ni da ke mun san yadda muke. Ke ce ta fari, ban saba in zauna in dube ki in yi doguwar magana ba, kuma maganar da ke cikina yanzu, ko da ba ke ce ta fari ba, ba zan iya faɗinta ido da ido ba. Shi ya sa na ɗauko alƙalamin babanki da wannan hannu nawa na ƴan yaƙi da jahilci. In kin ga layi ya karkace ki yi haƙuri, kwana uku ke nan ina rubutawa ina ajiyewa.

Kin tuna ranar Lahadin makon jiya da na shigo gidanki kina wanke-wanke, na zube kan turmi, kika ɗauka jiri ne ya kwashe ni har kika ruga kika kawo ruwa? Ba jiri ba ne. Almakashin girkin nan na gani a hannunki, wanda maigidanki ya ce wani mutumin Japan da suke aiki tare a can ya ba shi. Kin gama gyaran kaza, kika buɗe bakinsa har ƙarshe, sai ga shi ya rabu gida biyu. Na buɗe baki zan yi salati, don na ɗauka sabon abu ya karye miki. Ke ko a jikinki. Kika wanke wannan ɓarin, kika wanke wancan, kika goge su da tsumma, kika ɗora ɗaya bisa ɗaya, na ji ƙas, ya koma yadda yake. Da na tambaye ki, har da dariyarki kika ce: “Ai haka aka ƙera shi, Inna, don a riƙa wanke cikinsa.”

Har yanzu in na tuna wannan ƙarar sai tsigar jikina ta tashi. Shekara bakwai na yi ina gaba da Ya Falmata, matar da ta goya ki, a kan ta karya mini almakashi irin wannan, ashe bai karye ba. Ko kusa da karyewa bai yi ba. Ke abin da kika sani kawai, kin dawo hutun lakwal, wato makaranta, daga wajen kakarki a Damagaram, kina da shekara goma sha ɗaya, na ce miki daga yau kada ki ƙara taka gidanta. Kin tambayi dalili sau ɗaya, na daka miki tsawa, ba ki sake ba. Yau zan gaya miki, daga farko har ƙarshe, kuma ki karanta da kyau, don kin tafi da irin almakashin, ina tsoron kada ki tafi da irin halin.

Lokacin da aka turo babanki nan Gure ya zama mushen lakwal, wato malamin makaranta, ni ina da cikinki, ban san kowa ba, ban iya ko gaisuwa da Barbarci ba. Zana ɗaya ce tsakaninmu da gidan Malam Modu, mijin Falmata. Ita ta fara leƙowa ta ce mini lale, ita ta nuna mini rijiyar da ruwanta ba ya da kanwa, ita ta zauna a kaina ranar da na haife ki. Da yake ba a son uwa ta riƙa rawar kai da ɗan fari, sai ta ɗauke ki gaba ɗaya. Nono kawai ke kawo ki wajena. A bayanta kika yi wayo, a lambunsu na cikin kwari kika koyi tafiya, tsakanin albasa da gindin dabino, har mutanen unguwa ba su kiran ki da komai sai ƴar Falmata. Ni kuma ina jin daɗi, don abin da kunya ta hana ni yi miki tana yi miki a gabana.

Almakashin kawunki Alhaji Ibro ya kawo mini tsarabar Makka. A cikin ɗan kwali yake, da wata takarda a naɗe mai rubutun da ko babanki da ke karanta faransanci da larabci ya juya ta sama da ƙasa ya miƙo mini. Kawunki ya ce ɗan Japan ne, kuma ba na tela ba ne, na girki ne. Na yi ta dariya, wai a yanka nama da almakashi kamar ana ɗinkin riga. Kuskurena na farko a ranar na yi shi. Takardar nan ba rubutu kawai ke cikinta ba, har da zane-zane, na ga hannu riƙe da almakashin a buɗe, na ga wasu kibau. Na ce ni da nake girki tun ina ƴar shekara tara ba takarda ce za ta koya mini ba. Itace ya jiƙe a ranar, na cusa ta cikin murhu na hura wuta da ita. Yanzu in na rufe ido ina ganin zanen nan, kuma na rantse ɓari biyu ne aka zana a ciki.

Don haka duk abin da ya zo hannunki wanda ba ki taɓa gani ba, ki dube shi da kyau kafin ki ce kin san shi, ki tambayi wanda ya kawo, ki adana takardarsa ko ba ki iya karanta ta ba. In wata rana naki ya ɓace za ki zaɓi wani, ko wata ta ce ki raka ta, ga abin da shekaru biyu na aiki da shi da kuma wautata suka koya mini. Ki fara buɗe shi har ƙarshe a gaban mai kayan, ki ga ko yana rabuwa, in yana rabuwa ki mayar da hannunki, kada ki bari shi ya mayar miki. Ki zura yatsunki huɗu cikin mariƙin, in ya matse ki tun a kasuwa to ranar suna sai ya sale miki hannu. Ki shafa bakinsa a hankali, ɓari ɗaya ya kamata ya kasance da ƴan ƙananan haƙora, su ke riƙe fatar kaza kada ta zame. Kusa da ƙusar tsakiya akwai ɗan gurbi, nan ƙashi ke zama in za a datse shi. Ki ɗaga shi ga haske a rufe, in kin hango rana tsakanin bakunan ki ajiye musu kayansu. Kuma ki nemi mai ƙarfen da ba ya tsatsa, mai ɗan nauyi a hannu, ba mai ƙyalli kawai ba.

Ni dai da na fara aiki da nawa sai kaina ya kumbura. Kaza da nake kokawa da ita da wuƙa, sai ga shi ina bin gaɓoɓinta ɗaya bayan ɗaya, in datse fiffike, in tsaga bayanta gida biyu, kafin ruwa ya tafasa na gama. Bandar kifin da ake kawowa daga tafki, in yanke ƙayoyinta ba tare da ta farfashe ba. Lawashi da yakuwa da busasshen tattasai kuwa a bisa tukunya nake yanka su suna faɗawa ciki, ba faranti ba katako. Kilishi ma da shi nake raba wa baƙin babanki. Matan ma’aikata suka riƙa zuwa kallo, matar likita da matan sauran mushe-mushe, ni kuma ina ƙara ɗaga hannu don su gani da kyau. Rannan don burga na kama ƙashin ƙafar rago da tsininsa, na danna da hannu biyu, bakin ya yi ɗan giɓi. Na ɓoye abin, ban gaya wa kowa ba. Ki kiyaye wannan. Kaza da zabo da kifi ne aikinsa, ƙashin rago da na saniya a bar wa gatari. Ko na kazar ma ki kai shi can cikin gurbin, kada ki kama da tsini. Ba a yanka dabba da shi, sai wuƙa ta yi aikinta an ambaci sunan Allah tukuna ya shigo. Kada ki yanka ƙyalle ko igiya ko gashi da shi, ko da kina sauri, kuma ki rataye shi a ƙusa, don na ji an ce rairayin Arlit ya fi namu, kuma rairayi ne ke cinye kaifi.

Ranar da abin ya faru ana sunan jikan Falmata na farko. Da hantsi ta leƙo ta kan zana ta ce in ara mata, kaji sun yi yawa, wuƙaƙe sun yi kaɗan. Na ba ta, amma da ƙyar, har da ce mata ta yi a hankali, kamar ba ita ce ke riƙe mini ke ba tun kina jinjira. Bayan azahar muna zaune a tsakar gidanta, mata cike, ana rabon abinci, sai ga ta ta fito daga madafa, ta durƙusa a gabana da wani abu a cikin gefen zanenta. Ta buɗe, ɓari biyu. A tsakaninsu, inda ƙusar take, wani baƙin datti ne ya daskare, yana wari. Ta ce wallahi wanke shi kawai take yi, ta buɗe shi sosai don ruwa ya shiga, sai ta ga ya rabu a hannunta.

Da na karɓa na duba na minti ɗaya, da na ga ba inda ƙarfe ya tsage. Ban duba ba. Idona ya rufe, na miƙe tsaye a gidan mutane, ranar farin cikinsu, na ce:

“Ni na jawo wa kaina, da na ba mutanen daji abin da ba su taɓa gani ba. Hannun da ya saba da igiyar akuya me ya sani da kayan Japan? Dubi ma ƙazantar da kika cusa masa.”

Ni, ni na faɗi haka, ga matar da ta wanke mini jinin haihuwa. Har mai luden miya ta tsaya da ludenta a sama. Falmata tana nan durƙushe. Na ɗauki ɓari ɗaya na jefa mata a gabanta na ce ta riƙe ladan aikinta, na ɗauki ɗayan na fice ko takalmi ban saka daidai ba.

Dattin nan da na zage ta a kansa, nawa ne. Sai ranar Lahadin nan na gane. Shekara biyu ina yanka ɗanyen nama da kifi, in ɗauraye bakin kawai in rataye, jini da kitse suna taruwa a inda ban san ana buɗewa ba, kuma da shi nake yanka tumatir da lawashin da ake ci ɗanye. A shekarun nan babanki bai rabu da ciwon ciki ba, ƙanenki ma haka, muna ta ɗora wa ruwan rijiya laifi. Allah ne kaɗai Ya tsare. Ke da kika san yana buɗewa ba ki da uzuri. Duk lokacin da ya taɓa ɗanyen nama ki raba shi, ki wanke da ruwan zafi da sabulu, ki bi ramin ƙusar da tsinke, ki shanya kowane ɓari dabam har ya bushe sarai kafin ki haɗa. Ki ɗiga masa man gyaɗa kaɗan a mahaɗar. In za ki yi ganye da nama rana ɗaya, ki fara da ganyen. In ya dakushe ki raba shi ki wasa ɓarin da ba haƙora, ta gefen da aka karkata kawai, mai haƙoran ki ƙyale shi. Kuma in kin ga ƙazanta a kayanki bayan an dawo miki da su, ki fara tambayar kanki yaushe rabon da ki duba wurin.

In da a nan na tsaya, da da sauƙi. Bayan kwana uku Malam Modu ya zo zaure wajen babanki, dattijo da shi, ya ce a taimaka a ba shi ɗayan ɓarin ya kai wa maƙeri, ko Allah zai sa a gyara. Babanki ya shigo ya gaya mini. Ɓarin yana ƙasan akwatina a lokacin, ƙarƙashin zannuwa. Na dubi babanki na ce na jefa shi a masai. Ƙarya na yi, don kawai ba na son a gyara, na fi son in zauna da fushina ina lasa. Ki duba wannan abu da kyau. Da na miƙa, maƙerin da ya ɗora su bisa juna sau ɗaya ya gane, da kafin la’asar an gama, mun yi dariya, na ba ta haƙuri. Da hannuna na rufe ƙofar. Babanki bai taɓa ganin ɓarin biyu tare ba, abin madafa ne, ya ce in bar maganar haka nan, ni kuma na ƙi gaida ta a rijiya, na ƙi amsa sallamarta, na sa aka ƙara wa zanar tsakaninmu tsawo. In wanda kike fushi da shi ya aiko neman hanyar gyara, ki ba shi, ko zuciyarki na tafasa. Fushin zai iya jira, ba inda za shi.

Sai fari ya zo. Kin tuna shi, kin ga gawar shanu a bakin hanyar Kelle. Na Malam Modu suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, ruwan kwari ya yi ƙasa, lambun ya bushe. Suka ɗaura kaya za su koma Gidigir wajen ƴan’uwan Falmata. Da safen da za su tashi ina jin motsinsu ta bayan zana, ina jin tana sallama da maƙwabta gida-gida. Ta tsaya a ƙofarmu ta yi sallama sau biyu. Ina tsaye a bayan ƙyaure, ke kuma na aike ki ɗebo ruwa da gangan don kada ku haɗu. Ban amsa ba. Bayan shekara biyu labari ya zo Malam Modu ya rasu, babanki ya tafi gaisuwa shi kaɗai, ni na ce ƙafata ke ciwo. Da aka zo aurenki ban aika mata ko goro ɗaya ba. Ranar da aka sa ki a lalle kin yi kuka har muryarki ta dushe, mata suna cewa kukan amare ne, ni ma na ce haka ne, amma na san wadda kike dubawa a bakin ƙofa.

Ranar Alhamis da ta wuce na ce wa babanki za ni Gidigir. Ya dube ni kawai ya raka ni tasha. Na tono ɓarin daga ƙasan akwati na ƙulle a bakin zane, na hau kamiyon, babbar motar ƴan kasuwa. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa, ina sakewa. Na yi tambaya aka nuna mini gidan, yana bayan kasuwa, kusa da inda masu kanwa ke sauke kaya. Na same ta a inuwa tana saƙar tabarma. Ta tsufa ƙwarai, ta rame, ni da na bar ta da jiki. Sallamata kawai ta ji ta ɗago, ta gaishe ni da Barbarci ta ce wushe, wushe, lale da baƙuwa, ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma, ta kawo ruwa, kamar jiya muka rabu.

Kafin in buɗe baki ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙullin tsumma, ta ajiye a gabana, ta kwance. Ɓarin ne, yana ƙyalli, an shafe shi da mai, ya fi nawa tsabta nesa ba kusa ba. Ta ce:

“Na san wata rana za ki zo karɓar kayanki, Zeinabu. Maƙera uku na kai wa, kowa ya ce sai ya ga ɗan’uwansa. Ki yafe mini, ban yi da gangan ba.”

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na zo neman gafara, ga shi ita ke roƙo na. Duk shekarun nan ni ina ganin ta yi mini laifi, ashe ita ma haka ta ɗauka, ta ɗauki abin ta ɗora wa kanta tana yawo da shi daga gari zuwa gari. Na kwance nawa ɓarin, na ɗauki nata, na yi yadda na ga kin yi, na buɗe su sosai na ɗora ramin a kan ƙusar na juya. Ya shiga. Na tsinci wani ganyen kaba a gefen tabarmarta na datse, ya yanke shi tas kamar ranar da aka kawo shi.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce in sake rabawa, na raba. Ta ce in haɗa, na haɗa. Ta karɓa da hannunta ta yi sau ɗaya, ta ajiye a ƙasa a hankali. Na gaya mata komai, takardar da na ƙona, giɓin da na yi masa da kaina, dattin da yake nawa, ƙaryar masai, da tsayuwata a bayan ƙyaure. Ina magana ina kuka, ita ko hawaye ɗaya. Da na gama ta ce Malam Modu ya rasu yana cewa ita ta raba shi da maƙwabcin kirki saboda gagawarta, kuma ta yarda da maganarsa, ba ta taɓa musa masa ba. Can ta tambaye ni wa ya wanke ki ranar aurenki. Na ce matar likita. Ta gyaɗa kai, ta ɗauki saƙarta ta ci gaba.

Na roƙe ta ta yafe mini, sau uku ina faɗa. Ba ta ce ta yafe ba, kuma ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ce in bar ta tukuna, abin ya yi mata yawa a rana ɗaya. Ta dama mini fura na kasa sha, ta rako ni har bakin hanya, don ita ko an yi mata laifi ba ta iya barin baƙo ya tafi shi kaɗai. Almakashin na bar shi a kan tabarmarta, ba ta ce in ɗauka ba, ni ma ban iya miƙa hannu ba.

Inda za ki, ke ce za ki zama baƙuwa matar ma’aikaci, kamar yadda na zo nan. Za ki tarar da mutanen wurin, Buzaye da wasu, ba ki jin harshensu, gidanki da lantarki nasu babu, kina da kayan da ba su taɓa gani ba. A cikinsu wata za ta leƙo ta ce miki sannu, ta nuna miki inda ake samun abu, wataƙila ita za ta zauna a kanki ranar haihuwa tunda ni ina nesa. Wata rana za ta ari almakashinki. Ki ba ta da sakin fuska, kuma kafin ta fita ki buɗe shi a gabanta ki nuna mata yana rabuwa, ki sa ta haɗa da hannunta, kada ta je ta tsorata a banza. In ma wani abu naki ya lalace a hannunta da gaske, ki tambaye ta yadda aka yi, ki saurara har ta gama, kuma kada ki yi a gaban mutane. Kalmar nan ta mutanen daji kada ta taɓa fita daga bakinki. Ni da na faɗe ta, ni ce ban san yadda ake buɗe abin da ke rataye a madafata shekara biyu ba.

Saura abu ɗaya, shi ne dalilin takardar nan. Da muke tsaye a bakin hanya muna jiran mota, Falmata ta tambaye ni yaushe za ku tashi. Na ce Juma’ar makon gobe. Ta ce motar Damagaram da hantsi take ratsa Gidigir, ta san lokacinta. Na san ta, za ta fito ta tsaya tun da sassafe. Ita yarinya ƴar shekara goma sha ɗaya ta sani, mai kitso biyu da allon lakwal, za ta yi ta duban fuskokin mata a bayan mota ba za ta gane ki ba. Ke ce za ki gane ta. Ki gaya wa maigidanki tun yau ya yi magana da direba, in ya ƙi tsayawa ki buga jikin motar har sai ya tsaya. Ki sauka ki je ki durƙusa ki gaishe ta yadda ake gaida uwa, ki bari ta dube ki son ranta, ko mutanen mota za su yi ta gunaguni. Kada ki roƙa mini gafara, kada ma ki ambace ni. Wannan aikina ne, zan riƙa komawa da ƙafata har ta gaji da ganina. Ke ki je don kanki, ni na hana ki, yau na janye.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa ku sauka lafiya, Ya haɗa ki da maƙwabta irin wadda Ya haɗa ni da ita, Ya ba ki hankalin riƙe su da ni ban samu ba. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Babanki yana sa miki albarka, ƙannenki suna gaishe ki. In kun isa ki aiko da takarda, ki gaya mini ko kin same ta a bakin hanya.

Ni ce mahaifiyarki,
Zeinabu.